Jirgin da Suke Kira Trolar: Kwana Uku a Bakin Meghna

Wani dare muna zaune a ɗakin kallo na masaukin ɗalibai a Gazipur, ana labarai da harshen Bangla. A lokacin ban cika shekara a Bangladesh ba, abin da nake ji a harshen bai wuce gaisuwa da ɗan ciniki ba. Sai kunnena ya tsinci wata kalma a bakin mai karanta labarai, ya faɗe ta ya fi sau biyar: trolar. A talabijin kuwa mata ne cike da bakin kogi suna kuka, maza sun shiga ruwa iya wuya suna lalube. Na tambayi abokin ɗakina abin da ya faru. Ya ce trolar ne ya kife da 'yan biki.

Na yi innalillahi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni ɗan Yawuri ne, kakana na wajen uwa Basarke ne, cikin ƙarnin kifi da ɗinkin taru na tashi. Kalmar trawler ta Turanci kuma na san ta, na ma taɓa ganin jiragen da ake kira haka a Legas: manyan jiragen ƙarfe na teku, masu jan wata ƙatuwar raga mai siffar buhu a bayansu, tana kwashe duk abin da ta tarar. To me zai kai amarya da 'yan rakiyarta cikin irin wannan jirgi?

Abokina ya buɗe ƙamus a wayarsa. Fassarar da ta fito ita ce wadda na sani, jirgi mai aiki da tana jal. A Bangla jal na nufin raga, kalmar tana kuma na nufin jan abu. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce, “Bhai, wannan ta littafi ce. Kawuna yana da trolar, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya ja raga da shi ba. In an yi hutu zo mu je gida ka gani.” Gidan nasu a Chandpur yake.

Mun tafi a watan Satumba, ruwan damina bai janye ba. Daga Gazipur zuwa Sadarghat, babbar tashar jiragen ruwa ta tsohon birnin Dhaka, ba wata tafiya ba ce a taswira, amma cunkoso ya cinye mana rabin safiya. Ban da abin faɗi a kan hanyar sai zafi da hon.

A Sadarghat na ci karo da kalma ta biyu. Abokina ya ce za mu hau lonch. A Turanci launch ɗan ƙaramin jirgi ne mai inji, wanda bai wuce ɗaukar mutum goma ko ashirin ba. Abin da na tarar a bakin kogin Buriganga kuwa benaye ne a kan ruwa, hawa uku, wasu huɗu, farare, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowanne da sunansa da manyan haruffa. A hawa na ƙasa mutane sun shimfiɗa zannuwa sun kama wuri da buhunansu da kajinsu, a sama akwai kujeru da ɗakunan kwana, har da wurin salla. An gaya mini tun da aka buɗe gadar kogin Padma a watan Yunin 2022 fasinjojin kudu, musamman na Barishal, sun koma mota, tashar ta rage cika. Idan wannan ne ragin, ban san yadda take a da ba. Tsakanin waɗannan benaye kuma ƙananan kwale-kwale ne ke kurɗawa da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, matuƙi a tsaye a baya da filafili guda. Su ake kira dingi, kuma daga nan yankin Turawa suka ari kalmarsu ta dinghy. Aro dai bai tsaya wa ɓangare ɗaya ba.

Tafiyar ta ɗauke mu wajen awa uku da rabi. Da farko ruwan Buriganga ne mai duhu da wari, gefe da gefe wuraren gasa bulo da dogayen bututun hayaƙi, da filayen da ake ƙera jirage ana ta walda. Muka shiga kogin Dhaleshwari, muka wuce masana'antun siminti na wajen Munshiganj. Muna ta gittawa da wasu dogayen jirage maƙare da yashi, sun nutse har ruwa na lasar bakinsu. Sunansu balkhed, wata kalmar Turancin ke nan, wadda a asali bangon da ke raba cikin jirgi take nufi. Daga nan sai kogi ya buɗe. Na san Kwara a faɗinta na Yawuri, na san tafkin Kainji, amma kogin Meghna a damina wani abu ne daban. Ka duba gabas ka duba yamma, gaɓa ta zama siririn zare kore, wani wurin ma babu ita.

A nan na fara ganinsu. Jiragen katako baƙaƙe, an shafe su da kwalta, goshinsu a ɗage, wasu da rumfar gora a tsakiya, kowanne na tafe yana bot-bot-bot yana tofar da baƙin hayaƙi. Wannan ya ɗauko mata da yara da lema a buɗe. Wancan shanu biyu da buhunan shinkafa. Wani raga ce tsibi guda da maza shida. Abokina yana nuna su ɗaya bayan ɗaya yana cewa trolar, trolar, wannan ma trolar. Gani ya kori ji. A bakin mutanen kogi, duk jirgin katakon da aka sa wa inji a ciki ya zama trolar, ko kifi yake kamawa ko amarya yake kaiwa.

Chandpur tana inda Padma da Meghna suka haɗu, ga kuma ƙaramin kogin Dakatia da ya ratsa garin ya faɗo musu. Kafin mu shiga tasha jirginmu ya rage gudu, na ga fasinjoji sun yi tsit, wani dattijo kusa da ni yana motsa leɓe. Ruwan wurin juyawa yake yi kamar ana dama kunu. A nan ne wani lonch mai suna Nasrin-1 ya nutse a watan Yulin 2003 da ɗaruruwan mutane. Zuciyata ta tafi Warra, inda jirgi ya kife da mutanenmu a watan Mayun 2021. Ni ma na karanta abin da ya sawwaƙa.

Gidan kawun yana wajen gari, bayan wata doguwar ganuwar tare ruwa, gidan kwano a kan tudun ƙasa da aka ɗaga. Abokina ya ce in kira shi Mama, haka ake kiran ɗan'uwan uwa a Bangla, matarsa kuma Mami. Shi kuma dattijon da ya riƙe hannuna da hannu biyu sai ya ce, “Zauna, Baba,” don haka manya ke kiran yaron da suke ji da shi. Kwana uku ina ce wa mai farin gemu Mama yana ce mini Baba, kuma kafin in tafi bakina ya saba har ba na jin wani banbarakwai. Mutum ne siriri, baƙi, ya haura sittin, yana ɗaure da lungi, zanen da mazansu ke ɗaurawa, da ɗan mayafin gamcha a kafaɗa. Bakinsa ja wur da ganyen pan, wanda suke tauna yadda muke cin goro, suke kuma miƙa wa baƙo yadda muke miƙa shi.

Da la'asar ya kai ni in ga jirgin. Tsawonsa zai yi taku goma sha biyar. Ya ɗaga wasu katakai a wajen baya, sai ga injin a zaune cikin baƙin mai: dizal mai silinda ɗaya, ƙirar Sin, da ƙaton gargare a gefe da hannun murɗawa. Wallahi ina ganinsa na gane shi, ɗan'uwan injin niƙan unguwarmu ne. Wani dogon ƙarfe ya fita daga jikinsa ya huda bayan jirgin zuwa farfela. Wani siririn tiyo yana zuƙo ruwan kogi ya sanyaya shi ya tofar ta gefe. Tankin man jarka ce da aka ɗaure da igiya. Mama ya dafa shi kamar mai dafa wuyan doki, ya ce sunansa shalo.

Labarin wannan suna ya fi komai kama ni a tafiyar. Injin ba don jirgi aka shigo da shi ƙasar ba. Na ban-ruwa ne, wanda manoma ke ɗora wa rijiyar burtsatse marar zurfi don noman shinkafar rani, kuma daga kalmar Turanci mai nufin rashin zurfi sunan shalo ya fito. Da damina ta sauka, gonaki sun zama tafki, injin ba shi da aiki. A shekarun 1980 sai makera da kafintocin ƙauye suka fara ciro shi suna dasawa a cikin kwale-kwale. Ba kamfani ne ya zana ba, ba hukuma ce ta kawo ba. Cikin 'yan shekaru abin ya game ƙasar, jirage masu pal, wato ƙyallen da ake ɗagawa iska ta tura jirgi, suka yi ta ɓacewa daga koguna. Sabon abu yana bukatar suna, sai mutane suka ɗauki sunan jirgin su mai inji da suke ji, suka lanƙwasa shi ya dace da bakinsu. Ni a ganina babu kuskure a nan ko kaɗan. Wanda ya ƙera abu da hannunsa ya fi mai ƙamus ikon raɗa masa suna.

Na ce wa abokina ya gaya wa Mama cewa na ga hotunan jiragen da, da pal ɗinsu ja da fari cike da kogi, kuma abin takaici ne a ce sun tafi. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Sai ya zame gamcha daga kafaɗarsa ta dama, ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Fatar ta yi kauri, ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Ya ce, “Baba, iska ba kullum take zuwa ba.” Ranar da babu iska, ko jirgi zai hau ruwa, sai a ɗaura doguwar igiya a saman sandar pal, maza su sauka gaɓa su rataya ta a kafaɗa su yi ta ja, cikin laka, cikin ƙaya, daga safe har yamma. Sunan aikin gun tana. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara shi a bayan mahaifinsa. Ya ce ga tana ɗin da shi ya sani, ba ta raga ba. Ban sake yi masa maganar kyan pal ba.

Washegari tun kafin asuba muka fita, mu bakwai. Ɗansa ya durƙusa ya murɗa hannun injin, ya murɗa, ya saki wani ɗan ƙarfe, injin ya yi tari biyu ya kama. Daga nan babu sauran hira, sai nuni da hannu. Katakon da nake zaune a kai yana karkarwa har cikin haƙorana. Muka yi sallar asuba a zaune. Da muka kai inda Mama yake so, ya duba ruwa, ya duba wata fitila can nesa, ya ɗaga hannu. Aka fara zuba raga.

Doguwa ce ƙwarai, sama da robobi masu yawo a kan ruwa, ƙasa da gasassun dunƙulen yumɓu masu nauyi, don ta tsaya a cikin ruwa kamar katanga. Da aka gama zubawa sai aka kashe injin. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa. Jirgi da raga suka bi ruwa tare, a hankali. Ga abin da na zo gani: jirgin da ake kira da sunan ja, ba ya jan komai. Kifi ne ke zuwa da kansa ya cusa kai a idon raga ya maƙale. Wani abin da ban saba da shi ba kuma, kogin nan yana cika yana janyewa sau biyu a yini saboda teku na turo shi, suna ce wa cikar jowar, janyewar bhata, kuma da su ake auna lokacin zuba raga da na ɗagawa. Kakana da ya san halin Kwara kamar tafin hannunsa, da zai sha mamakin kogin da ke numfashi.

Kifin da ake nema ilish ne, wanda a wajensu ya wuce abinci, shi ne kifin ƙasa. A teku yake girma, ya hauro koguna ya yi ƙwai. Bangladesh na kama wajen tan 500,000 a shekara, kuma Chandpur na kiran kanta gidan ilish. Bayan kamar awa biyu aka fara ɗaga raga, maza huɗu a jere, hannu bayan hannu. Taku ashirin babu komai sai ciyawar ruwa da leda. Sai wani abu ya walƙa. Mama ya zare shi a hankali ta wajen kai ya miƙo mini. Faffaɗa ne, fari fat kamar sabuwar azurfa, da wani shuɗi-shuɗi da ja-ja a gadon baya da ke canjawa in ka juya shi. Ya buɗe baki sau biyu ko uku a hannuna, shi ke nan. Ba shi da taurin ran tarwaɗa da za ta kwana a kwano tana motsi. Kafin mu ɗaga raga duka, launin nan ya dushe. Tara muka samu a zubin farko, biyar a na biyu, babba ɗaya ne kawai a ciki.

A hanyar dawowa, da aka kashe inji don a sha shayi, na tambayi dokokin da nake ji ana faɗa. Ɗan Mama ya lissafo su kamar karatun allo. Ƙaramin ilish da bai kai santimita 25 ba sunansa jatka, an hana kama shi daga Nuwamba zuwa Yuni. A watannin Maris da Afrilu an rufe wannan yanki na Meghna gaba ɗaya, kilomita 100 daga Shatnol zuwa Char Alexander. Sannan akwai kwana 22 a wajen Oktoba da ake barin uwayen kifi su yi ƙwai. Gwamnati na ba masuntan da ke da rajista shinkafa, kilo 40 a wata a lokacin hanin jatka. Mama bai musa amfanin dokar ba, ya ce da idonsa ya ga kifi ya ƙaru bayan an fara ta. Abin da ya ce kawai shi ne shinkafa ba ta sayen gishiri, ba ta biyan bashi. Shi ya sa wasu ke fita da dare da karent jal, ragar roba mai siririn zare da kifi ba ya gani, wadda doka ta haramta, in an kama a tara a ƙone a bakin kogi. Shi ba ya amfani da ita, amma bai zagi masu yi ba.

Bashin da yake nufi na gan shi da idona a kasuwar kifi ta Boro Station. Wuri ne mai santsi da ƙanƙara da ihu, kwanduna na sauka daga jirage da motoci, yawancinsu ma daga can kudu, wajen Bhola da Hatiya da bakin teku. Ana zube kifi a ƙasa, mai gwanjo na kiran farashi da sauri, ana ciniki da mon, wajen kilo 40. Mama bai zagaya neman mai tayi da tsoka ba. Kai tsaye ya nufi rumfa guda, wajen mutum guda da ke zaune bayan akwatin kuɗi da dogon littafi. Shi ne aratdar ɗinsa, wato dillalinsa. Shi ya ba shi kuɗin gyaran jirgi da sayen raga da dizal tun farkon kaka, kuɗin da ake kira dadon, sharaɗin kuma duk abin da aka kama a rumfarsa za a sayar, ya cire kamashonsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, na san irinsa tsakanin masuntanmu da dillalai. Amma tsayuwar dattijon nan a gaban littafin da ba ya iya karantawa, hannuwansa a baya, ta dame ni har yau. Babban kifin nan guda ya haura taka 1,000, kuɗin ƙasar, nesa ba kusa ba. Bayan an cire na rumfa da na mai, aka raba saura kashi-kashi, abin da ya isa hannun kowane ma'aikaci bai kai kuɗin rabin kifin ba.

A rumfar ne wani mai ɗaukar kaya da ya taɓa aiki a Chattogram, birnin bakin teku, ya ji abin da ya kawo ni, ya ce ai irin jiragen da nake nufi suna nan, na ƙarfe, masu jan raga, a kogin Karnaphuli suke tsayawa. Su ma trolar ake ce musu. Ba su kai 300 ba, na katako kuwa dubun-dubata ne. Doka ta ce na ƙarfen su yi su a inda zurfin teku ya wuce mita 40, su bar na kusa ga ƙananan masunta, kuma rigimar ƙetare wannan iyaka ba ta ƙarewa. Suna ɗaya ke nan a kan jirage biyu da ba sa ga maciji. Tun daga ranar, in na ji an ce trolar ya nutse a teku da masunta, na san ba jirgin kamfani ake nufi ba. Irin na Mama ne, ya ɗan fi girma, da injin da ya ɗan fi ƙarfi, da maza goma sha biyar da suka bar iyali a kan dadon.

Ban san Mama ya ɓoye kifi biyu a ƙarƙashin katako ba sai da dare. Mami ta soya ɗaya, ta dafa ɗaya da niƙaƙƙen shorshe, wani iri mai hawa hanci, da ɗanyen barkono. Ta fara zuba mini man da kifin ya fitar a kan farar shinkafa mai zafi, da gishiri, ta ce in ci wannan tukuna. Naman yana da maiƙo da taushi da wani ƙamshi da ban taɓa ji a kifin ruwan daɗi ba, ƙaya kuwa kamar an zuba allurai, sirara masu baki biyu. Ƙaramar jikarsu ta matso kusa da ni, ta karɓi yankana, ta bi shi da yatsu biyu tana zare ƙayar tana jerawa a bakin faranti, ta tura mini tsokar. Suna da karin magana, mache bhate Bangali, wato kifi da shinkafa su ne Babangale. Abokina ya raɗa mini cewa rabon gidan da cin ilish mai wannan girma tun Ƙaramar Salla. Loma ta tsaya mini a wuya, amma Mami na tsaye a kaina da cokali, ƙin ci zai fi zama cin fuska. Na cinye.

Rana ta uku Mama ya ce shi zai kai mu tashar lonch da kansa, ta ruwa. Mun yi rabin hanya injin ya yi tari ya mutu. Ɗansa ya murɗa har gumi ya jiƙa shi, bai tashi ba, ya durƙusa ya fara kwance bututun mai. Ruwa na janye mu zuwa wajen mahaɗar nan mai juyawa. Dattijon bai ce uffan ba. Ya sa hannu ƙarƙashin rumfa ya zaro wani tsohon filafili da hannu ya goge shi har yana sheƙi, boitha suke ce masa, ya ce na mahaifinsa ne. Ya zaro na biyu ya dube ni. “Baba, an ce kakanka masunci ne.”

Na karɓa, na zauna a gefen hagu, na kafa ƙafa a jikin katako yadda aka koya mini a Yawuri. Ya fara ƙirga da Bangla, ek, dui, ek, dui, muka juya goshin jirgin zuwa gaɓa.